Launin Wilin Motar Malam Jatau

Ku gyara zama, yau na zo muku da maganar da sai kun raba mana gardamarta.

A Funtuwa an yi wani tsohon direba, Malam Jatau, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja zuwa Zariya a wata tsohuwar Fijo da ya saya sabuwa dal. Da tsufa ya kama shi, motar ta kwanta a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta. Sai ciwo ya zo ya tafi da tunaninsa. Matarsa, Inna Abu, tana ji tana gani mutumin da suka tsufa tare ya koma kallonta kamar baƙuwa. Ya daina magana, abinci ma sai da lallashi. Likita ya ce a nemo abin da ransa ya fi shaƙuwa da shi, ko Allah zai sa ya farfaɗo.

'Ya'yansu uku, Mamuda da Hansatu da Lawandi, suka haɗa kai suka tayar da motar. Aka gyara inji, aka sake kujeru, aka fesa wa wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ruwan azurfa mai ƙyalli. Aka fito da tsoho a kujera. Ya dubi motar daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan wilin.

"Ba tawa ba ce," ya ce, ya kawar da kai.

Inna Abu ta ma manta rabon da ta ji muryarsa. Ta gane cewa launin da wilin ya fito da shi daga masana'anta yake nema. Amma an sha kankare ƙarafan an sake musu fenti, ita kuma ba ta taɓa lura da ƙafar mota ba.

Mamuda, babbansu, ya bar kasuwancinsa ya shiga bin tsoffin direbobi tasha-tasha. A bakin wani makahon kwandasta ya ji cewa tun motar na sabuwa mahaifinsu ya ba malamin wani ƙauye wilin safaya da ya lanƙwashe, aka rataye shi a bishiya ya zama ƙararrawar makaranta. Damina ce, hanya ta yanke. Mamuda ya ratsa rafi, ruwa iya ƙirji, ya sami ƙarfen yana nan a rataye. Ya ba makarantar sabuwar ƙararrawa, ya ɗauko shi a ka.

Da ya sauke shi a tsakar gida, jikin kowa ya yi sanyi, don tsatsa ta cinye shi. Hansatu, wadda ke aikin duba jini a asibiti, ta ce kada wanda ya taɓa. Ta zauna da reza da gilashin ƙara girma tana ɗaye tsatsar a hankali, har yatsunta suka farfashe. Can cikin wani lungu, inda rana da ruwa ba su taɓa kaiwa ba, ta tarar da ɗan tabon fentin asali, bai fi farce ba. Inna Abu ta leƙa. Ba fari ba ne, ba toka ba, wani launi ne kamar kindirmon da hayaƙi ya ɗan taɓa, yana nan sumul kamar jiya aka shafa.

Sai dai babu kantin da ke sayar da irinsa. Lawandi, autansu, mai fentin mota ne. Ya rufe garejinsa, ya yi ta haɗawa yana zubarwa. Wanda ya dace da safe sai ya saɓa da azahar, wanda ya dace a inuwa sai ya saɓa a rana. Warin fenti ya kwantar da shi, ya tashi ya koma. Ranar da ya ɗiga ɗigon ja kamar kan allura, ya shafa a gefen tabon, Hansatu da gilashinta ta kasa nuna inda tsoho ya ƙare, sabo ya fara.

Aka fesa wa wilin motar launin, da hantsi aka sake fito da Malam Jatau. Ya daɗe yana kallo. Sai ya dafa kujera ya miƙe da kansa, ya taka har gaban motar, ya durƙusa ya shafa wilin. Ya waiwayo, idonsa cike da ƙwalla.

"Abu," ya ce, "ashe kina nan?"

"Ina nan, Malam," ta ce, tana salati.

Ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya ce a kawo masa fura. Bayan ya sha, ya danƙa wa Inna Abu makullin motar.

"Ki ba wanda ya dawo mini da ita."

Inna Abu ta dubi makulli ɗaya a tafin hannunta, ta dubi 'ya'ya uku. Ba don Mamuda ba, da ƙarfen na can a bishiya. Ba don Hansatu ba, da launin na ƙarƙashin tsatsa. Ba don Lawandi ba, da bai wuce girman farce ba.

To, jama'a, hannun wa za ta saka makullin nan?