Faya-fayan Isufu a Gonar Hatsi

Akwai wani matashi a birnin Tawa mai suna Abdurazak, yana da ɗakin wasan bidiyo a bayan tasha. Mutum ne mai fara'a da daɗin baki, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya ne, kuma na san da yawa a cikinku za su ji kamar da su nake: komai ka ba shi, sai ya ce gobe.

Yana da aboki tun na makaranta, Isufu, mutumin Barmu. Kamar yawancin samarin Adar, Isufu ɗan bida ne, shekara da shekaru yana gadi a wani kanti a Abijan. Duk zuwan da zai yi gida sai ya taho da faya-fayan wasa na tsohuwar na'ura, irin waɗanda yanzu ko ka zaga kasuwa ba ka samunsu. Burinsa ya tara su, ya buɗe ɗakin wasa da hasken sola a Barmu, ya zauna kusa da mahaifiyarsa da ƙarfinta ya fara ƙarewa. Ya gaji da zaman ƙasar wasu.

Da zai koma a tafiyarsa ta ƙarshe, ya kawo wa Abdurazak kwali cike da faya-fayan, haɗe da dis-dir, ƙaramar ma'ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta. Ya roƙe shi ya kwafe kowane faifai ya zuba a ciki, domin faifai ba ya jure zafi da rairayi, kuma da kwafin ake son yara su riƙa wasa. Abdurazak ya buga ƙirji ya ce ya ɗauka an gama.

Ya kwafi biyu ko uku a makon farko, sai ya ga aikin na cin lokaci. Kowane faifai sai ka zauna kana kallon kwamfuta tana jan ƙafa, kuma ana tsaka da yi kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, a koma farko. Ya tura kwalin ƙarƙashin tebur. Matarsa Nusaiba ta tuna masa har ta gaji, kullum amsarsa ita ce faya-fayan nan ba ƙafa gare su ba.

Da damina ta kama, rufin shagon ya fara yoyo. Sai ya ɗaure kwalin a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya kai gidan mahaifinsa, Malam Illa, a Afala, inda ɗaki ke da rufi mai kyau. A nan kam ya yi tunani, ba zan hana shi wannan ba. Matsalar ita ce Malam Illa bai taɓa son sana'ar nan ba, yana ganin hana yara karatu ce kawai. Abdurazak ba ya son a sake buɗe masa wa'azi.

Tsohon ya dubi kwalin ya ce, "Mi ke cikin kwalin ga?"

"Tarkacen banza na, Baba. Ba su da wani anhwani, wuri dai na rasa."

Ya ajiye ya juya Tawa, yana jin daɗin ya tsallake faɗa.

Hatsi ya fara fitar da kai lokacin da Isufu ya kira shi. Muryarsa cike da murna, ya ce ya sayi na'urori da batir, abin da ya rage kawai ya ji an gama kwafin, sai ya yi sallama da maigidansa ya bar wa wani gadin.

"Ka tabbata an kwahe su duka? In na saki aikin ga, ba ni samun shi kuma."

"Tun yaushe," in ji Abdurazak. "Taho abinka."

Da ya kashe wayar sai ya lallashi kansa cewa gobe zai je Afala ya ɗauko, ya zauna ya gama. Goben ta zo da gasar ƙwallo a shago. Wata goben moto ya yi faci. Yana nan yana lissafin gobe sai ga saƙo: Isufu ya shiga mota, yana hanya.

Ranar bai ko karya ba. Ya hau moto ya kama hanyar Afala, zuciyarsa na ta ƙissa yadda zai raba aikin, ya ari kwamfutar maƙwabci, ya hana kansa hutu. In Allah ya sa kuran ya zauna, ai zai rage da yawa kafin motar ta iso.

Ya shiga ɗakin, ya ga kwalin a inda ya bar shi. Ya ɗaga, ya ji shi sakayau. Ya buɗe, babu komai sai gidajen faya-fayan a wofi. Ya fito yana tambaya, aka ce masa Malam yana gona.

Tun daga nesa ya hango gonar tana walƙiya. Igiya ce aka ja daga wannan kara zuwa wancan, daga bakin gona har ƙarshenta, faya-fayan Isufu na rataye a jiki suna juyawa a rana. An ɗaura su bibbiyu, yadda in iska ta kaɗa za su riƙa bugun juna suna ƙara.

Malam Illa ya taho yana murmushi, abin da Abdurazak ya daɗe bai gani a fuskarsa ba. Ya ce bana tsuntsayen jan-baki sun sauko kamar hadari, sun cinye gonakin maƙwabta, shi kuwa da ya tuna da tarkacen nan masu ƙyalli, ga su da huda a tsakiya kamar don igiya aka yi su, sai ya gwada. Tsuntsu ko ɗaya bai ƙara sauka ba.

"Yau dai sana'arka ta yi mani rana," in ji tsohon. "Allah shi yi maka albarka."

Abdurazak ya ce amin. Me zai ce? Shi ya faɗa da bakinsa cewa ba su da amfani. Ya bi igiya yana kwancewa. Wasu sun lanƙwashe saboda rana, wasu bayansu ya ɓare, sauran kuwa rairayi da bugun juna sun zane su kamar an bi su da ƙaya. Da mahaifinsa ya ga yadda yake shafa su a riga, murmushin ya ɓace. Ya tambayi na wane ne, Abdurazak ya faɗa masa. Tsohon bai yi faɗa ba, sai ya sunkuya ya taya shi kwancewa.

A Tawa ya rufe shago ya zauna gaban kwamfuta. Ya wanke faifai, ya goge da tsumma mai laushi, ya saka. Sai ta fara karantawa, layin ya tafi har ya kusa rabi, ransa ya fara dawowa, sai ta tsaya tana ƙugi. Ya fitar ya saka wani. Duk ƙarar waya sai ya yi zaton Isufu ne ya iso. Abinci ya huce a gefensa. A ƙarshe waɗanda suka kwafu ba su fi a riƙe a hannu ɗaya ba, kuma babu na ƙwallo a ciki, wanda shi ne ke tara yara.

Ya fara shirya abin da zai ce. Ko ya ce zafi ne, ko ya ce ruwa ya shiga shago. Nusaiba ta ce masa ƙarya ce ta kawo shi nan, kada ya ƙara wata a kai.

Isufu ya sauka da manyan jakunkuna, ya rame amma fuskarsa fes. Tun a tasha yake ba da labarin ɗakin da zai gyara kusa da kasuwar Barmu. Abdurazak ya kasa haɗa ido da shi. Da suka shiga shago ya ajiye kwalin a gabansa, ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Isufu ya ɗauki faifai ɗaya, ya ɗaga shi a haske, ya daɗe yana dubawa. Abdurazak ya ce zai ba shi nasa wasannin, amma su na sabuwar na'ura ne, ba sa hawa kan waɗanda Isufu ya sayo. Ya ce to ya ɗauki shagon gaba ɗaya. Isufu ya girgiza kai, ya ce ba zai raba wani da abincin iyalinsa ba.

"Ba lalacewarsu ta yi mani ciwo ba, Abdu. Na tambaye ka. Da ka hwaɗa mani gaskiya rannan, da yanzu ina bakin aikina."

Ya je Barmu ya ga mahaifiyarsa, ya sayar da na'urorin da asara. Ana gama girbi ya sake ɗaura kaya, zai koma Abijan neman wani aikin daga farko. Abdurazak ya je tasha rakiya, ransa a jagule, kunya kamar ta kashe shi. Da aka fara kiran fasinja ya yi sauri ya ɗauki jakar Isufu zai kai masa mota. Isufu ya miƙa hannu a hankali ya karɓe.

"Bari," ya ce. "Ni riƙe kayana da kaina."

Darasi: In an ba ka amana, yi aikinta yau, kada ka jingina ta da gobe. In kuwa ka gaza, faɗi gaskiya tun tana da amfani, domin wani yana can yana gina rayuwarsa a kan maganarka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai kwalin wani a ƙarƙashin teburinsa yanzu haka.