Tabawa da Rigar Ruwan Agwagwa

Ga ta nan tafe, ga ta nan gabanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Wata shekara ƙwari suka shiga rumbunan wani gari, suka cinye irin dawa kaf. Damina ta sauka, ƙasa ta jiƙa, ba abin shukawa. To, akwai wata budurwa a garin, sunanta Tabawa. Kawunta yana zaune a bayan dutse, shi kuwa yana da iri. Ta tashi ta tafi wurinsa.

Kawu ya cika mata jaka, ya ce, "Tabawa, ki kula. Hadari a kan dutsen nan yake kwana. In ruwa ya taɓa irin nan, a bayanki zai tsira ya ruɓe, garinku ya sha yunwa bana."

Ta ce, "Na ji, Kawu."

Ta goya jaka, tana tafiya, tana tafiya, har kasuwar gindin dutse. Nan ta tarar da masu ɗinkin rigar ruwa uku: Ɓauna, da Kwaɗo, da Agwagwa. Gefe guda kuma ga Giwa tana shan ruwa a tafki.

Ɓauna ya ce, "Zo ki ga riga, 'yar nan. Fata ce mai kauri, ko ƙanƙara ba ta huda ta."

Tabawa ta ce, "Baba, bari in gwada tukuna."

Ta sa rigar a kan jakarta, ta roƙi Giwa ta fesa mata ruwa. Giwa ta cika hanci, ta fesa. Ko ɗigo bai shiga ba. Sai Tabawa ta nufi wani suri za ta hau. Ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi saboda nauyin riga. Ta sake ɗagawa, ta zube a ƙasa. Ta ce, "Baba, rigarka ta mai zama ce. Ni dutse zan hau."

Kwaɗo ya ce, "Zo ki ga riga, 'yar nan. Ba nauyi, ga santsi."

Ta sa, Giwa ta fesa, ko ɗigo bai shiga ba. Ta hau suri ta sauko, ta hau ta sauko. Da ta tuɓe, sai ga zaninta sharkaf da gumi, har bayan jaka ya fara damshi. Ta ce, "Malam Kwaɗo, rigarka ta hana ruwan sama, ta tara na jiki. Iska ba ta ratsa ta."

Agwagwa ba ta kira ta ba. Tabawa ce ta je ta durƙusa, ta ce, "Goggo, taki fa?"

Agwagwa ta miƙo wata 'yar riga ta gashin tsuntsu, toka-toka, ba ado, da hula a haɗe. Tabawa ta sa, Giwa ta fesa, ruwa ya gangare. Ta hau suri ta sauko, ta hau ta sauko, jikinta a bushe. Ta duba bakin ɗinki, ta ga an shafe shi da kakin zuma. Ta naɗe rigar, sai ta koma kamar dunƙulen fura. Ta ba Agwagwa ƙwaryar dusa, ta kama hanya.

Tana cikin hawa, Hadari ya leƙo, ya ce, "Wace ce wannan mai goyo?"

Ta ce, "Ni ce Tabawa, iri zan kai gida."

Ya ce, "Ba zai kai ba."

Ya sako yayyafi. Ta ja hula, ta ci gaba.

Ya sako ruwa da iska, duwatsu suna santsi, itatuwa suna kwanciya. Ta ɗaure bakin riga a ƙugu, ta ci gaba.

Sai Hadari ya ɓuya bayan tsauni, ya bar rana ta ƙwalle. Zafi ya sauko kamar a bakin murhu. A gefen hanya Tabawa ta ga rigunan fata jibge, waɗanda matafiya suka gaji da ɗauka suka yar. Ta tuɓe tata, ta naɗe, ta riƙe a tafin hannu.

Hadari ya ga bayanta a buɗe, ya yi dariya, ƙasa ta girgiza. Ya taso a guje. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, ta warware riga ta rufe jaka. Ya zuba, ya zuba, ya zuba, har ya tsiyaye ya koma fari fat, iska ta kwashe shi.

Tabawa ta sauko gari ƙafafunta duk taɓo. Dattawa suka kwance jaka, kowa ya tura hannu, iri a bushe ƙamas. Kafin rana ta faɗi an fita gona da sungumi, kafin sati ƙasa ta yi kore.

Ku da za ku yi tafiya da damina, kada kauri ya ruɗe ku, kada santsi ya ruɗe ku. Ku gwada riga da kayanku a baya, ku ɗauki wadda za ku iya kaiwa ƙarshen hanya.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta faɗa tafki, kwaɗi suka rufe ta da kuka.