Jan Silin Jatau Mai Igiya

A zamanin da, a wata ƙasa mai zurfin rijiyoyi, an yi wani sarki wanda ƙarar jabun kaya ta hana shi sakat. Kullum sai an zo fada da wuƙar da ta lanƙwashe ko turmin zanen da ya zuba, kuma kowane mai sana'a ya rantse ba aikinsa ba ne. Da abin ya ishe shi, ya sa aka yi shela cewa kowa ya kawo alamar kayansa zauren Waziri, a rubuta sunansa, a rataye samfurin a bango. Wanda ya riga kawowa shi ke da ita. Wanda kuwa aka kama da alamar wani, a sare masa babban yatsa.

To, akwai wani dattijo, Jatau Mai Igiya, wanda ya gaji tufka daga kakanni. Yakan saka jan sili ɗaya a cikin kowace igiya, kuma masu yasar rijiya ba sa yarda su sauka sai da ita. Jatau gwani ne, amma akwai taurin kai. Da ya ji shela sai ya yi dariya, ya ce, "Ni zan je in gaya wa bango sunana? Duk garin nan wa bai san jan silina ba?"

Maƙwabcin rumfarsa, wani ɗan kasuwa mai suna Nomau, yana ji. Ya sayi igiya ɗaya a hannun Jatau, ya wuce da ita zauren Waziri, aka rataye ta da sunansa. Washegari ya koma fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wani tsoho yana sayar da igiya da alamata."

Aka kawo Jatau. Waziri, wanda ya san gaskiyar maganar kamar kowa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ɗan jinkirta. Tun ina yaro nake ganin silin nan a hannun mutumin nan."

Sarki ya ce, "Waziri, sunan wa ke bango?"

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na Nomau."

Sarki ya ce, "In na karya dokata a kan mutum na farko, wa zai bi ta a kan na biyu?"

A tsakiyar kasuwa aka sare wa Jatau babban yatsansa na dama, a kan kututturen mahauta, jama'a na kallo. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, tun jinin bai bushe ba Nomau ya matso ya ce, "Baba, kada ka damu, in kana son aikin shara akwai a rumfata."

Daga nan Nomau ya ci kasuwarsa. Ya riƙa sayen ruɓaɓɓiyar rama da araha, a tufka, a lulluɓe da mai kyau, a saka jan sili. Rani bai ƙare ba wata mata, Tabawa, ta shigo fada da guntuwar igiya mai jan sili a hannu. Mijinta mai yasar rijiya ne, igiyar ta tsinke da shi, gawarsa aka fito da ita.

Aka kirawo Nomau, shi kuwa ko gezau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan tsohon aikin Jatau ne da ya rage a gari. Tawa ko raƙumi za ta ɗauka."

Sarki ya yunƙura zai sa a kamo Jatau kuma, sai Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na gaskata Nomau. Irinsa ya cancanci sarautar Sarkin Igiya. Amma don a rufe bakin masu tsegumi, ya sauka rijiyar fada a gaban jama'a, ya taɓo ruwa, sannan a naɗa shi."

Aka taru a bakin rijiyar, wadda in ka jefa dutse sai ka gaji da jira kafin ka ji ƙararsa. Waziri ya sa aka ajiye igiya biyu, kowacce da jan sili. Ɗaya sabuwa fil daga rumfar Nomau, ɗayar tsohuwa ce baƙa ƙirin, ta Jatau, wadda aka daɗe ana jan ruwan fada da ita. Waziri ya ce wa Nomau, "Zaɓi wadda za a ɗaura maka."

Nomau ya dubi sabuwar, ya leƙa rijiyar. Ya miƙa hannu ya ɗauki tsohuwar.

Sarki ya dube shi, ya ce, "Mun ga wadda ka yarda da ita. Amma sunanka ke bango, da igiyarka za ka sauka. Dogarai, ku ɗaura masa sabuwar."

Nomau ya yi kuka, ya kama ƙafar Waziri, ya kira Jatau da Baba. Dogarai suka ɗaura masa sabuwar. Tabawa ta roƙa a bar ta ta riƙe igiyar tare da dogarai, aka bar ta. Bai kai rabin rijiyar ba suka ji nauyi ya bar hannunsu.

A ranar aka goge sunan Nomau, aka rubuta na Jatau. Aka kuma gyara doka: ba a rataye alama sai an yi shela a kasuwa ko akwai mai ja. Sarki ya kira dattijon, ya ba shi riga da rawani, ya ce, "An mayar maka da alamarka. Rijiyar fada tana buƙatar sabuwar igiya."

Jatau ya yi godiya. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama har Sarki ya gani sosai, ya ce, "Ranka ya daɗe, a lallaɓa tsohuwar. Ita ce ta ƙarshe."