Kwasakwasa da Koren Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naka ne.

Kwasakwasa dai tsuntsu ne mai kwaɗayi da son tsafta, sana'arsa su a bakin teku. Wata rana ya ga ruwan gaɓarsu ya yi kore shar, ya ce ƙazanta ce. Ya kwashi iyalinsa suka koma inda ruwa yake garau kamar madubi.

Ya yi ta nitso, babu kifi. 'Ya'yansa suka rame, suna ta kukan yunwa. Da ƙyar ya cafko wani ɗan Kifi, duk ya bushe.

Kifi ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka haɗiye ni ƙaya kawai ka ci. Ni ma ɓatan hanya na yi."

Kwasakwasa ya ce, "To ina 'yan'uwanka?"

"Suna inda abinci yake mana! Koren nan da ka guje wa, ai ƙananan halittu ne birjik. Su muke ci mu yi ƙiba, manyan kifaye su biyo mu. Wannan ruwan naka kyan banza gare shi."

"Kai ni can, na bar maka ranka."

Suna isa, sai ga kifi ya rufe ruwa. Ɗan Kifi ya faɗa cikin taro yana cewa, "To, sai ka gane ni!"

Kwasakwasa ya ƙyalƙyale da dariya. Ya wage baki ya dinga kamfatar wa yaransa, har fatar haɓarsa ta zazzago ta zama jaka. Ita ce yake yawo da ita har yau.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi, tatsuniya ta koma ruwa!