Dillalin da Ba Ya Shan Shayi a Gaban Malama

Akwai wani dattijo a unguwar Kothrud ta birnin Pune, ana ce masa Madhukar Shinde. Dillalin gidaje ne tun gashin kansa yana baƙi. Ofishin nasa bai wuce benci ɗaya a rumfar mai shayi ba, inda yake zama da 'yan'uwansa dillalai, kowa da makullan gidajen mutane a aljihu.

Matarsa ta rasu. Ɗansa tilo, Aniket, yana aiki can Bengaluru. In Madhukar ya koma gida ya rufe ƙofa, babu abin da ke motsi a ɗakin sai fanka.

Kwatsam sai ga doka: dillalin da ba shi da lasisi kada ya ƙara sa baki a cinikin sabon gini. Lasisin kuwa ba ya samuwa sai mutum ya yi karatu ta intanet, ya cika awoyin da aka ƙayyade, sannan ya zauna jarrabawa.

Da Aniket ya ji, sai ya bugo waya. "Baba, wahala ta ƙare ke nan. Da bikin Diwali zan zo in tafi da kai. Ga ɗaki, ga talabijin, ka huta."

"In huta? Ni kujera ce da za a jingine a lungu?"

"To ka zauna ka yi me? Ba lasisi, ba aiki."

"In na samo lasisin fa?"

Aniket ya yi dariya. "Kai da ko hoto ba ka iya turawa? In ka samo, na ƙyale ka."

Ran tsoho ya sosu. Ya san hutun da ake nufi: a kai shi can saman bene, garin da ba a jin yarensa, ya yini yana kallon bango. A nan kuwa, ko ba komai, in ya fito titi akwai mai kiran sunansa.

Ya yi rajista. Sauran dillalan bencin ma suka yi. Cikinsu akwai Bandu, sarkin surutu, wanda ya ce masa, "Yaya, kada ka wahalar da kanka. Kunna wayar, rufe kyamara, jefa a aljihu. Na'ura ce ke lissafin awoyi, ita ina ta san mai barci da mai ido biyu?"

Madhukar ya ce, "Karatu a aljihu? Ban gada ba."

"To ɗan makaranta, a gai da malama! Kada ka manta da ƙunshin abincin tara."

Benci ya kwashe da dariya.

Kullum da rana Madhukar zai bar su ya koma gida. Ya yi wanka, ya sa farar riga gogaggiya, ya jingina wayar da gwangwanin shinkafa. A fuskar wayar ba ka ganin komai sai baƙaƙen akwatuna masu sunaye, don kowa ya rufe kyamararsa. Mace ɗaya ce ke bayyana, Malama Vaishali, wadda a haife ya haife ta, tana ta bayani kamar mai magana cikin rijiya.

Da ta bayyana sai ya miƙe tsaye ya haɗa tafukan hannu ya gaishe ta, ba a ganin komai nasa sai maɓallan riga. In ta ce, "Akwai mai tambaya?" aji ya yi tsit, shi kaɗai ke amsawa. Su biyu ne dai a ajin nan, sauran duk suna aljihu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Madhukar ya tashi a gidan da ba a ci, ba a sha a gaban malami, ba a kuma tashi a bar shi yana kallon wurin zamanka. Saboda haka duk lokacin da zai kurɓi shayi, ko tari ya sarƙe shi, ko zai zaga bayi, sai ya ce, "A gafarce ni, Malama," ya fita daga ajin gaba ɗaya. In ya gama ya sake lalubo hanyar shiga, wani lokacin da ƙyar. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa na'ura tana yanke masa duk wannan lokacin daga cikin awoyinsa.

Ranar da aka kammala karatu, saƙo ya shigo wa kowa. Bandu ya cika awoyinsa cif. Duk 'yan benci sun cika. Madhukar kaɗai aka ce awoyinsa sun gaza, ba zai zauna jarrabawa ba.

Bandu har da riƙe ciki. "Yaya, aljihuna ya fi ka ƙoƙari!"

Wallahi abin da ciwo. Tsohon ya ajiye kofinsa ya tafi gida. Ya zauna bakin gado da farar rigarsa, ya rasa ko mutum ɗaya da zai faɗa wa. In ya kira Aniket, ya san amsar. Can ya tashi ya sauko da akwati daga kan kabad, ya kakkaɓe ƙura, ya fara ninke kaya. Hawaye ya zo masa, bai hana shi ba, tunda babu mai gani.

Amma a wurinsu ɗalibi ba ya rabuwa da malaminsa ba sallama. Washegari ya kira Malama Vaishali, ya yi mata godiya, ya ce zai bar gari.

Ta ce, "Ka bar gari, Baba? Jarrabawar fa?"

Ya gaya mata saƙon da ya samu. Ta tambaye shi dalilin yawan fitarsa daga aji, ita duk zatonta layi ne ke yankewa. Da ya yi bayani, sai ta dafe kai.

"Wayyo, Baba! Girmama ni kake yi na'ura tana cutarka? Ba ni da ikon taɓa lissafinta, kuma ba zan rubuta abin da ba haka ba. Amma akwai sabon aji na safe. Ka shigo ka cike abin da ya rage, za ka riski jarrabawa kafin Diwali. Sharaɗi ɗaya: shayinka a gabana za ka sha."

"Haba Malama, ina ni ina wannan rashin kunya?"

"Umarnin malama ne. Ni ma zan zo da nawa."

Haka ya koma aji, ya sake sauraron abin da ya riga ya ji, bai gajiya ba. Ran farko ya ɗauki kofin, ya ɗan kau da kai, ya kare baki da tafi. Ita ma ta ɗaga nata ta kurɓa. Tun rasuwar matarsa, ranar ce ya fara shan shayi a ɗakin nan da wata fuska a gabansa.

Su Bandu suka riga shi shiga jarrabawa. Zaure ne, ga masu tsaro, waya kuma a bakin ƙofa ake barinta. Aka tambaye su yadda ake auna ainihin faɗin gida da haƙƙin mai saye in gini ya yi jinkiri, suka yi ta kallon silin. Ko ɗaya bai haye ba.

Madhukar ya zauna tasa ana gab da biki, ya ci.

Ya sayi peda, alawar madarar nan da ake rabawa in an ci jarrabawa, ya kai benci. Kowa ya sunkuyar da kai. Bandu ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya ta, ya ce a hankali, "Yaya, na yi maka rashin kunya. In na sake rajista, ka yarda in riƙa zuwa gidanka muna yi tare?"

"Ƙofa a buɗe take. Amma wayar a kan gwangwani za ta zauna."

Sannan ya koma gefe ya kira ɗansa. Aniket ya ɗauka da sauri. "Baba, ka gama haɗa kaya?"

"Na gama warwarewa. Ka zo mu yi Diwali, na yi marmarinka. Amma in za ka koma, tikitin mutum ɗaya za ka saya."

Darasi: Na'ura tana ƙirga zaman mutum, ba ta ƙirga abin da ya shiga kansa. Wanda ya bi ta gajeriyar hanya zai iya riga ka isa ƙofa, amma ranar da aka ce kowa ya nuna abin da ya sani, mai haƙuri da gaskiya ne zai shige. Kada dariyar mutane ta sa ka yar da tarbiyyarka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana fama shi kaɗai, ko ya samu ƙarfin zuciya.