Uban da Ya Riƙe Sunan 'Yarsa

Akwai wani manomi da yake ƙaunar matarsa ƙwarai. Da cikinta ya tsufa, wata rana tana sheƙar gero a tsakar gida sai ta ce masa, "Maigida, in mace na haifa, Ni'ima za ka sa mata." Ya yi dariya, ya ce ya ji.

Macen kuwa ta haifa. Amma jini ya ɓalle mata, kafin rana ta take tsaka ta cika, ko fuskar jaririyar ba ta gani ba.

Ranar suna dangi suka taru jugum-jugum. Aka tambaye shi sunan yarinya, ya ce, "Asara." Yayarsa, wadda ta karɓi renon, ta dafe ƙirji ta ce, "Haba ƙanena! Ba abin da marigayiya ta roƙe ka ke nan ba. Me jaririya ta sani?" Ya ce, "Yaya, wace ni'ima kika gani a gidan nan?"

To, kada ku ɗauka mugu ne. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai bar ta da yunwa ba, kowace Kirsimeti da sabon zanenta. Amma safe da yamma, "Asara, kawo ruwa. Asara, koro awaki." Tana da shekara bakwai ta gane abin da sunan yake nufi, ta kuma gane wadda aka rasa. Tun daga nan a majami'a sai bencin baya. Samari biyu suka zo neman aurenta, ta ce su nemi wata, kada ta shafa musu rashin sa'a. Kash! Uban yana gani, yana cewa kunya ce ta gado wurin uwarta.

Shekara talatin suka wuce. Ciwo ya kwantar da manomin, ita ke jinyarsa. Wata rana da hantsi ta gama ba shi kunu, ya ce, "Allah ya sāka miki, 'yata."

Ta ce, "Baba, ba sai ka gode ba. Ni na raba ka da Inna, kome na yi ba zai kai ba." Ba da fushi ta faɗa ba, tana goge masa baki ne.

Ya ce, "Wa ya gaya miki wannan magana?"

Ta ce, "Ba kowa. Ai kullum kana kirana."

Ta ɗauki kwanon ta nufi ƙofa. Tsohon ya tattara sauran ƙarfinsa ya kira, "Ni'ima!" Ba ta waiwaya ba. Ya sāke kira. Ta leƙa tsakar gida, ta juyo ta ce, "Baba, wa kake nema? Ba kowa a waje." Ya juya fuskarsa ga bango ya fashe da kuka.

Ma'anar misalin nan ita ce, 'yan'uwa: a cikin Littafi Mai Tsarki, sa'ad da Rahila matar Yakubu take mutuwa wurin haihuwa, ta kira ɗanta Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina. Yakubu kuwa ya kira shi Biliyaminu, ɗan hannun dama. Malaman Yahudawa na dā sun tsaya a kan wannan, waɗansunsu suka ce Yakubu ya juya sunan zuwa alheri ne, ya mai da shi sunan ƙarfi. Ku lura, Yakubu ma a ranar ya rasa matar da ya fi ƙauna. Ya riƙe baƙin cikinsa a ƙirjinsa, bai rataya wa jariri a wuya ba.

Mu fa? Akwai mai ce wa ɗansa "marar amfani," akwai mai ce wa 'yarta "kin jawo mini." Muna cewa ɓacin rai ne, zai wuce. A wurinmu yana wucewa, a wurin yaro yana zama. In akwai sunan alheri da ka riƙe, ka kira shi yau, tun mai sunan yana iya waiwayowa.