Manomin da Ya Nemi 'Yarsa a Gefen Talabijin

Ka taɓa zama gaban talabijin kana jiran a nuna fuskar naka, amma aka yi ta nuna na wasu?

Akwai wani manomi da Allah ya ba 'yarsa ta fari gudu. Tun tana firamare ba mai kamo ta. Daga makaranta aka kai ta birni, daga birni sai wurin horo, har shekara uku ba ta taka ƙauyensu ba. Wata rana ta bugo waya ta ce an zaɓe ta, za ta wata ƙasa mai nisa inda ƙasashen duniya ke haɗuwa su gwada gudu da tsalle da iyo da dambe.

Uwarta ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ya saɓa fartanyarsa ya nufi gona. Kunya ta hana shi tambayar wace rana ce gudun yarinyar.

Saboda haka da aka fara wasannin, kullum rana ta ɗaga sai ya bar gona, ga shi lokacin maimai ne, ya je gidan kallo na bakin kasuwa ya zauna a bencin baya, kada ranar ta wuce shi. Tasha ɗaya tak gidan kallon ke kamowa mai nuna wasannin, ita kuwa ta masu masaukin baƙi ce. In ɗan ƙasarsu ya zo na takwas, a nuna shi yana shan ruwa, a nuna uwarsa tana share hawaye, a maimaita sau uku. In baƙo ya zo na ɗaya, a haska shi kamar walƙiya a wuce.

Taubashinsa, wani mai suna Gayus, ya sa shi gaba da tsiya. Ya ce, "Kai tsoho, yaushe ka fara son iyo? Kai da ko rafi ba ka shiga!"

Manomin ya ce, "Inuwa nake sha."

"Inuwa? Ciyawa ta kusa shanye dawarka. Anya ma yarinyar nan ta je? Yau kwana tara, ko ƙeyarta ba mu gani ba."

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Yana ta tunani: ta rame ne ko ta yi jiki? In an nuna ta ma, zai gane ta? Daga nan ya daina kallon tsakiyar talabijin inda kowa ke kallo, ya koma bin gefe-gefe da ido.

A rana ta goma aka yi dogon gudu na mata. Daga farko har ƙarshe 'yar ƙasar masu tasha ake bi. Ta zo ta uku, aka yafa mata tuta, tana ta tsalle. Can bayanta, a ƙuryar hoton, sauran suna ƙarasowa ɗaya bayan ɗaya. Sai wata ta tsallake layi, ta dafa gwiwoyinta tana haki, rabin fuskarta kawai ake gani.

Manomin ya miƙe har benci ya faɗi. "Damaris! Damaris, 'yata!"

'Yar fari ce. Shekara ashirin da huɗu, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa.

Kafin mutane su juyo, an sa talla. Gayus ya rage murya ya ce, "Ɗan'uwa, ni fa ban ga komai ba."

"Ba kai ka haife ta ba."

"To ta nawa ta zo?"

"Ban sani ba. Ta dai kai ƙarshe."

Ya tada bencin ya sake zama, ko za a maimaita. Ba a maimaita ba.

To, ga abin da misalin nan ke faɗa mana. Tashar nan ita ce idon duniya. Nata take nunawa, nata take yaba, ko da na takwas suka zo. Mai gudun kuwa kai ne, ke ce, duk wanda ke fama da tseren bangaskiya ba mai tafa masa: mai jinyar tsohuwa, mai share majami'a kafin kowa ya iso, wanda ya ƙi cin hanci a ofis aka mai da shi wawa. Manomin nan kuwa ɗan ƙaramin hoto ne na Ubanmu na Sama. Shi gefen hoton yake dubawa. Bambancin kawai, shi ba ya jiran wata tasha ta nuna masa kai, ba ya kuma jin kunyar kiran sunanka. Ba zai fara da "Na nawa ka zo?" ba. Yana so ya ga ka kai ƙarshe.

Amma kada mu yi saurin zargin masu tasha, don mu ma haka muke yi. A ikilisiya wa muke gaisarwa bayan sujada? 'Yan garinmu, masu yarenmu, masu zama a gaba. Baƙon da ke bencin ƙarshe sai ya zo wata uku ya daina zuwa, ba wanda ya lura.

Don haka ina roƙonka, yau in an tashi, kada ka nufi waɗanda ka saba. Tsaya ka duba gefe. Nemo mutum ɗaya da ba ka san sunansa ba, ka tambaye shi, ka riƙe. Mako mai zuwa, tun daga bakin ƙofa, ka kira shi da shi.